Cun

Shekara arba'in da ɗaya ina bin gidajen Bristol
da jakar fata da ɗan ƙarfe mai baki biyu,
ina saita fiyano.
Lenworth mai gyaran sauti, haka suke kirana.
In buga ƙarfen a gwiwa, in kai shi kunne,
in ɗaure tsirkiya har ta daina gardama da 'yar'uwarta.
A sana'armu kalmar tiyun ce, a hankali ake faɗinta,
kamar mai sauke ƙwai daga kwando.

Yaran yanzu sun tauna ta, sun tofar da rabi.
Cun! in ji Keziah, jikata,
a benen bas, da yamma,
igiya ɗaya a kunnenta, ɗaya a na ƙawarta.
Cun! Babban cun!
Har wata tsohuwa ta dafe jakarta.
Na ce, 'yar nan, wace tsirkiya ce ta saki?
Ta ce, Kaka, ba abin da ya saki, waƙar ce ta kai.
In ta ratsa ka ba ka da ta cewa sai wannan.

Kalma ɗaya, riga goma.
Mai gidan hayarmu, Mista Pargeter,
da zafi yana washe mana haƙora,
sanyi na shigowa ya zo da takarda.
Maƙwabta suka ce ya canza tiyun.
To, in kiɗa ya sauya ai rawa ma sauyawa take,
muka kwashe kaya sai Easton.
Bakanike ya leƙa motata, ya ce tiyun take so,
ya karɓe fam ɗari da tamanin.
Kuɗin ma, in sun yi nauyi, da tiyun ake ambatonsu a garin nan,
kamar mai raira maka asararka.

Merlene, matata, Allah ya jiƙanta,
takan ce, Len, kai mai gyara wa duniya sauti,
ko a bokiti aka zuba maka tiyun
sai ka zubar kafin ka kai ƙofa.
Gaskiyarta.
A coci baki kawai nake buɗewa,
ita ke rera rabona.

Bara likita ya kifa mini wani abu a kunnuwa,
ya ce in ɗaga hannu in na ji ƙara.
Na zauna ina jira.
Ashe an daɗe da farawa.

Ƙarfen ya koma jaka, jakar ƙarƙashin gado.
Yanzu in ana hira wajen cin abinci
sai Keziah ta ce, Kaka ya bar tiyun.
Ban bar shi ba.
Shi ya bar ni.

Ranar bikin titi ta ja ni St Pauls,
hayaƙin gasasshiyar kaza har cikin ido,
lasifika kan lasifika, tsibin ya fi ni tsayi.
Ta kama tafina ta manna a jikin katakon.
Sai kiɗan ya taso ta tafin ƙafa,
ya bi gwiwar nan da nake buga wa ƙarfe,
ya nemi wuri a ƙirji ya zauna.
Jiki ya fi kunne ji.

Can ƙasa akwai wani amo da ya karkace,
kaurin gashi ɗaya, ba ƙari.
A haƙarƙari na kama shi,
hannuna har ya fara laluben jaka.
Na ƙyale shi.

Na ga bakuna ɗari sun tsuke lokaci guda,
yatsu sama, ƙasa na rawa.
Ban san da wace murya tawa ta fito ba,
ko ta dace ko ta kauce,
Merlene ba ta nan balle ta faɗa mini.
Keziah dai ta juyo ta riƙe ciki,
hawaye na zuba, dariya ta hana ta tsayuwa,
na karanta a leɓenta:
Kaka, sake faɗa.